Inuwar Tanki Bayan Ƙarfe Biyu

A duk hotunan, inuwa gefe ɗaya take kwanciya. Ba nemanta nake yi ba. Ranar Litinin ce, ina jera fayil-fayil a kan teburina, fanka tana ɗaga min takardu ina danne su da kofin shayi, sai idona ya tsaya a kan hoton wani rufi. Mutumin da ke tsaye kusa da farantan sola, inuwarsa ta fi shi tsawo. Na buɗe fayil na biyu, haka. Na uku, haka. Sai na duba 'yan lambobin da kyamara take bugawa a kusurwar hoto: takwas da kwata, tara saura, takwas da rabi. Fayil arba'in da ɗaya na buɗe. Babu rufi ko ɗaya da muka taɓa dubawa bayan ƙarfe goma na safe.

Ku da kuka daɗe kuna bin labarina kun san halina, amma bari in gabatar da kaina ga baƙi. Ina aiki ne a ƙungiyar masu sana'ar wutar sola: masu shigo da kaya, masu sayarwa, da masu hawa rufi su haɗa. Lantarki na karanta a jami'a, amma shekara uku aikina shi ne in zauna a ƙarshen tebur, kusa da ƙofa, in rubuta abin da maza suka faɗa. Sakatariya suke kira na. Ba na tsammanin rabinsu sun san muryata.

Bana ƙungiya ta ɓullo da shirin renon sababbin shugabanni. Aka zaɓi matasa biyar, kowa aka ba shi kwamiti ya riƙe na wata shida. Shugaba, dattijon da ya fara sana'a da gyaran rediyo, ya ɗaga biro ya nuna ƙarshen tebur. Har waiwayawa na yi in ga ko akwai wani a bayana. Kwamitin inganci ya ba ni, wanda ke duba aikin mambobi ya buga musu hatimin ƙungiya. Zamana na farko a kan kujerar ranar Alhamis ne.

Abin da ya sa na buɗe fayilolin nan wata takarda ce daga wata nas, a wani ƙaramin asibiti da ke bayan gari. Karo na uku ke nan tana rubutowa cewa firjin allurar riga-kafi yana ɗaukewa. Sau biyu an je an duba, sau biyu an rubuta "lafiya lau". Wanda ya haɗa musu solar kuwa, na san sa hannunsa kamar nawa.

Injiniya ne. Mutumin da danginsa za su zo gaisawa da namu ranar Asabar.

Zan faɗa muku gaskiya, ina sonsa. Shi ne ya fara yi min magana a ofis ba don yana neman takarda ba. Ranar da wani ya ce mace mai jin kunyar gaisuwa ba za ta iya riƙe kwamiti ba, shi ne ya ce, "Ku da kuka iya surutu me kuka riƙe?" Idan ya zo gidanmu yakan jera takalmansa daidai a bakin ƙofa, ya kawo wa Mama lemo, ya zauna ya jure shiruna da ya kori maza uku kafin shi. Kuma yana takarar mataimakin shugaban ƙungiya. Zaɓen saura kwana goma sha biyu.

Ranar Talata na ce zan fita cin abinci, na hau mota zuwa asibitin. Ɗaki uku ne da baranda, da benci biyu da rana ta cinye musu fenti. Nas ɗin doguwa ce, tana ninke audugar ɗauri. Ta kalle ni daga gyale har takalmi.

"Ke ce ƙungiyar?"

"Eh. Wato... ni aka turo."

"An gaji da turo maza ke nan." Ba ta yi murmushi ba. "Sun zo, sun hau, sun sauko, suka ce wai ko mu ne muke dafa ruwan zafi da wutar firji. Ni da ko wayata ba na caji a nan."

Ta kai ni gaban firjin, fari, an rufe samansa da tawul mai tsabta.

"Kullum kafin gari ya waye ya ɗauke. Wata biyu da suka wuce na zubar da allurar yara sittin. A bakin ƙofar can na tsaya na ce wa iyaye mata su koma gida. Wasu tafiyar awa biyu suka yi da goyo. Sababbin allurai za su iso ranar Litinin. Ki faɗa min, in karɓa ko in ce su mayar?"

Na ce ta ara min tsani.

Na tattare rigata, na ɗaure gyalena a ƙugu, na hau. Kwanon rufin zafi kamar zai narkar min da takalmi, sai a lokacin na gane dalilin da ya sa mutanenmu suke zuwa da sassafe. Da rana ba a iya durƙusawa a kan kwano, ga shaguna suna jiran a buɗe. Haka muka gada, ba wanda ya taɓa tambaya.

Farantai shida ne a jere, aiki mai kyau, wayoyi a ɗaure tsaf kamar takalmansa a ƙofar gidanmu. Ta yamma da su akwai tankin ruwa a kan dogon ƙarfe. Na tsaya ina kallo. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna inuwar tankin ta taɓa gefen faranti na ƙarshe. Kafin uku ta rufe shi, ta fara cin na kusa da shi. Farantan nan a layi ɗaya aka haɗa su, wuta tana bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, idan guda ya shiga inuwa sauran ma sai su yi sanyi. Rabin yini batir ba ya samun abin kirki. Shi ya sa ba ya kai safiya.

Na ɗauki hoto. Sai da na ɗauka sau huɗu.

Da la'asar ya zo gidanmu. Mama ta riga ta canja labulen falo, ta sa sababbi masu ruwan zuma da ta ɓoye tun bara, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai da dalili. Yaya, wadda ta baro gidanta tun ranar Lahadi don shirin Asabar, ta tsaya a kaina har sai da na cire rigar ofis na sa doguwar riga shuɗiya.

"Ɗan goga hoda mana, 'yar boko. Fuskarki ta yi ja kamar wadda ta yini a kan rufi."

Ba ta san abin da ta faɗa ba.

Ya shigo da farar riga mai dogon hannu, ya naɗe ta zuwa gwiwar hannu, ƙamshin turarensa ya riga shi zama.

"Ranki ya daɗe, shugabar kwamiti. Talakawa sun zo gaisuwa."

Ban iya dariya ba. Na miƙa masa wayata. Ya kalli hoton, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Na ga lokacin da ya gane, domin murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya sauka.

"Ƙarfe nawa ne wannan?"

"Uku saura."

"Da safe na auna wurin," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Da safe na haɗa. Da safe aka duba." Ya shafa kansa. "Aikin yini ɗaya ne. A matsar da farantan gabas, shi ke nan. Wa ya gani bayan ke?"

"Babu."

"To ki bar shi a fayil. Washegarin zaɓe ni da kaina zan hau."

"Me zai hana gobe?"

"In na hau gobe, jibi kowa ya ji. Ma'aikatana suna shan shayi da ma'aikatan abokin takarata. Kin fi ni sanin dokar, ke kika buga ta. Laifi a aikin asibiti, a dakatar da hatimi kwana talatin. Wanda aka dakatar ba ya takara. Shekara uku zan jira."

"Allurai za su zo ranar Litinin."

"Ta ajiye su a wani wuri mana. Kwana nawa ne?" Ya sassauta murya. "Ban taɓa roƙonki komai ba. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Shiru kawai. Ke da shiru ai ba baƙin juna ba ne."

Ya faɗa ne da wasa, na sani. Amma maganar ta zauna min a ƙirji kamar dutse. Ashe shirun da nake tsammanin haƙuri yake yi da shi, yana cikin abin da ya gani a wurina.

Ranar Laraba tun ina hanyar ofis saƙonninsa suka fara shigowa.

"Kin tashi lafiya, ranki ya daɗe?"

"Gwaggona ta ce wane launi kika fi so."

"Kin yi tunani a kan maganarmu?"

Na rubuta, "Ina tunani." Na goge. Na rubuta, "Ka je ka gyara, don Allah." Na tura. Alama ta nuna ya karanta. Sai bayan awa ɗaya ya amsa: "Kwana goma kawai nake nema a wurin matar da zan aura."

Na shiga ofishin Shugaba da niyyar in ce a ba wani kujerar. Na same shi ya buɗe bayan wata tsohuwar rediyo, tabarau a ƙarshen hanci.

"Baba, ina so a ɗauke min zaman gobe."

"Ba ki da lafiya?"

"Lafiyata ƙalau."

"An yi rasuwa?"

"A'a."

Ya ajiye sukundireba ya dube ni.

"'Yata, ba don kin iya magana na ɗora ki ba. Masu iya magana sun yi mana yawa. Shekara uku ina lura da ke, kina kallon abin da mu ba ma kallo. Ban san abin da kika gano ba, kuma kada ki faɗa min a nan. In abin faɗa ne, wurin faɗarsa gobe." Ya koma kan rediyonsa. "Ja min ƙofar."

Da na koma gida na tarar da Mama a tsakar gida tana guga. Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma ta ɗago ta ce, "Auta, me ke cin ki?" sai kawai na zauna a kan tabarma na kwashe komai na faɗa. Yaya tana jingine da ƙofar kicin tana ji.

Mama ta ajiye dutsen guga a tsaye.

"Ke da ko gaisuwa sai an ja bakinki, yau kika samu bakin magana? A kan wa? A kan mutumin da ya ga halinki ya ce ya ji ya gani?"

"Mama, allurar yara ce."

"Ke kika haife su?" in ji Yaya. "Asibitin ba shi da masu shi? Ke dai Allah ya ba ki miji mai hankali, kin tsaya auna inuwa."

"Yi mana shiru," Mama ta ce mata. Ta juyo gare ni, muryarta ta sauka, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. "Tun rasuwar mahaifinku ban taɓa matsa miki ba. Shekararki ashirin da tara. Duk taron da na je sai an tambaye ni, in ce karatu, in ce aiki. Na gaji da ƙirƙiro amsa, Auta. Ban ce ki cuci kowa ba. Amma mutumin nan bai ce ba zai gyara ba. Kujerar nan ta wata shida ce. Aure fa?"

Na ɗauki rigar da ta goge na fara ninkewa. Sai da na gama na ga tawa ce, wadda zan sa ranar Asabar.

Ranar Alhamis na sa baƙar doguwar riga da farin gyale, ban shafa komai ba. Ƙarfe sha biyu aka fara taruwa a ɗakin taro: dogon tebur, kujerun roba, kwalaben ruwa, da hoton rana da ke manne a bango tun kafin in zo. Na shiga na nufi ƙarshen tebur kamar kullum, har na ja kujerar.

"Sakatariya, kin yi ɓatan hanya," in ji Baba Mai Tsani. Shi ne babban mai duba aiki na ƙungiya, kuma shi ne ya hau rufin asibitin sau biyu. "Wurinki can sama."

Aka yi dariya. Na taka har kan tebur, ina jin kowane taku a kunnena. 'Yan kwamiti shida ne. A jikin bango wasu mambobi sun zauna kallo, Shugaba yana cikinsu. Injiniya yana kusa da taga. Da idanunmu suka haɗu ya ɗan gyaɗa min kai, irin na "na yarda da ke".

Batu na ɗaya da na biyu suka wuce, ban san ma yadda suka wuce ba. Sau biyu aka ce in ɗaga murya. Na uku shi ne takardar nas.

"Wannan matar kuma?" in ji Baba Mai Tsani. "An duba, an sake dubawa. A rufe fayil."

Hoton yana cikin jakata, na wanko shi babba. Da na ce "a rufe", da shi ke nan. Babu wanda zai sani sai mu biyu. Na tuna labulen Mama masu ruwan zuma. Na tuna nas ɗin tana tambayata ta karɓa ko ta ce su mayar, ni kuma na nemi tsani don in guje wa idonta.

Na miƙe tsaye. Ba a miƙewa a zaman kwamiti, amma ƙafafuna ne suka yanke shawarar.

"Kafin in ce komai," na ce, "akwai abin da ya kamata ku sani. Wanda ya yi aikin nan yana neman aurena. Saboda haka ba zan jefa ƙuri'a ba. Amma zan nuna muku abin da na gani."

Ni da ban taɓa furta kalmar aure a gaban namiji ba, ga shi na faɗe ta a gaban mutum ashirin. Ban kalli taga ba.

Na ajiye hoton a tsakiyar tebur. Na faɗi lokacin da na ɗauka. Na yi bayanin tanki, da layin farantai, da batirin da ba ya cika.

"Yarinya," Baba Mai Tsani ya ce, "shekara ashirin ina hawa rufi. Tun kina firamare."

"Da safe, Baba."

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari.

"Ba raini ba ne," na ce. "Na hau da rana, na ji yadda kwano yake ƙuna. Na san dalili. Amma fayil arba'in da ɗaya muke da su, na makarantu da asibitoci, duk kafin ƙarfe goma aka duba su. Mun san yadda rufin mutane yake da safe. Ba mu san yadda yake da yamma ba. Laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Ni ma shekara uku ina jera hotunan nan ban gani ba."

Baba Mai Tsani ya jawo hoton gabansa. Ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa.

"Wallahi ban taɓa ganin rufin nan da wannan inuwar ba," ya ce. "Kuma na ce wa matar nan ruwan zafi take dafawa." Ya girgiza kai. "Allah ya yafe mana."

"To in laifin na kowa ne, a bar maganar dakatarwa mana," in ji wani mai shigo da batura. "Mutum yana takara. A gyara a wuce wurin."

Duk suka juyo suna kallona. Hanya ce aka buɗe min, kuma Allah ya sani na so in bi ta. Na kalli littafin dokar da ke gabana, wanda ni na buga shi da hannuna.

"Bara an dakatar da wani a kan waya siririya da ya sa a asibiti," na ce. "Shagonsa ɗaya, ba ya takarar komai. Ba wanda ya ce a wuce wurin. In za a canja doka, babban taro ne zai canja. Mu namu mu bi ta."

Aka jefa ƙuri'a. Na sunkuyar da kai ina kallon birona, sai da aka faɗa min sakamakon: biyar da ɗaya. An dakatar da hatiminsa kwana talatin. Za a gyara aikin asibitin kafin Litinin. Za a sake duba sauran rufi arba'in, kowanne bayan ƙarfe biyu, kuma Baba Mai Tsani da kansa ya ce a sayo musu takalma masu kaurin ƙasa da tabarmin durƙuso. Na rubuta duka. Shugaba ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga.

Wayata ta yi motsi a cikin jaka. Yaya ce: "Mama ta ce a sayo lemon kwalba na Asabar ko a dakata?"

Na kifa wayar.

Sai a lokacin na kalli taga. Injiniya ya miƙe. Na ɗauka zai yi magana, dokar ta ba shi dama, har na buɗe baki zan ce masa bismillah. Bai kalli kowa ba. Ya tako zuwa tebur a hankali, ya tsaya daf da ni har ina jin ƙamshin turarensa. Ya sa hannu ya ɗauki hoton, ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihun farar rigarsa. Na nemi idonsa in karanta wani abu, ko fushi, ko wani abin da ba fushi ba. Agogon bango ya kalla, ba ni ba. Biyu saura minti ashirin, inuwar tanki ba ta kai ga farantan asibitin ba tukuna.

Ya ɗauki makullin motarsa a kan taga, ya mayar da kujerarsa daidai jikin bango, ya fita, ya ja ƙofar a hankali har ba a ji ƙararta ba.